Tambaya: RK4 ta ƙi ba ni daidai a lissafin Hutchinson mai jinkiri

Assalamu alaikum, malamai.

Ina warware lissafin Hutchinson na 1948 kan ƙaruwar yawan halittu, N′(t) = rN(t)[1 − N(t−τ)/K], da hanyar RK4 (Runge–Kutta mai daraja ta huɗu) a Python. N shi ne yawan halittun, r saurin ƙaruwarsu, K iyakar da muhalli zai iya ɗauka, τ kuma jinkirin. Inda na maƙale shi ne tsakiyar taku: ana buƙatar ƙimar N a t + h/2 − τ (h shi ne girman takun), ga shi ba ta cikin waɗanda na adana. Sai nake ɗaukar matsakaicin biyun da ke gefenta. To amma in na raba h biyu, kuskuren sau 4 kawai yake raguwa maimakon 16. Kusa da rτ = π/2 kuwa, inda N ke fara lilo sama da ƙasa, sakamakona ya saɓa da na dde23, manhajar MATLAB mai warware lissafi mai jinkiri.

Don Allah, cike giɓin da hanyar Hermite (mai amfani da ƙimar N da ta N′ a gefuna biyu) zai wadatar, ko dole sai takun ya faɗa daidai kan τ, 2τ, 3τ?

Allah ya saka da alheri.