Ta yaya zan koyar da halittun teku ga yaran da ba su taɓa ganin teku ba?

Malamin SS2:
Salamu alaikum jama'a. Ina koyar da bayoloji a wata sakandare a Kano, mun iso darasin muhallin teku kuma wallahi abin na damuna, yaran nan hadda kawai suke yi su zuba a jarabawa su manta, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinsu, ni kaina sau ɗaya na gani. Legas kusan kilomita 1,000 ce, kuɗin mota kuwa ba a magana. Da wata dabara da za su taɓa abu da hannunsu?

Maman Husna:
Wa alaikumus salam Malam. Ai tekun ce ke biyo mu har kasuwa kullum, kifin ƙanƙara mana! Ka sayi titus da tarwada ka sa su fede da kansu su kwatanta. Titus bayansa duhu cikinsa fari, wanda ke sama ya gan shi ya saje da zurfin ruwa, na ƙasa kuma ya gan shi ya saje da haske, ita ko tarwada ga gashin bakinta na laluben abinci cikin laka. Za su yi ta toshe hanci amma ba za su manta ba.

Ɗan Lab:
Ƙari kan na Hajiya, ku haɗa ruwan tekunku, gishiri giram 35 a lita ɗaya, kusan haka yake. A yanka dankalin turawa a saka wani ciki wani a ruwan famfo, bayan awa ɗaya na gishirin ya yi laushi ɗayan ya ƙara tauri. Daga nan sai ka shigo da maganar cewa kifin teku shan ruwa yake yi ya fitar da gishirin ta gills ɗinsa, wato inda yake numfashi a gefen kansa, na kogi kuma fitsari yake yawan yi, shi ya sa tarwada ba za ta rayu a teku ba.

Na Agege:
Malam in Allah ya hore ku zo Legas, akwai cibiyar binciken teku ta NIOMR a Victoria Island, sai a fara rubuta musu takarda. Kafin nan direbobin tirela na zuwa Arewa kullum, zan iya aiko maka ɓawon kaguwa da katantanwa.

Malamin SS2:
Allah ya saka da alheri, na dankalin nan gobe ma zan gwada. Na Agege don Allah a busar da kaguwar sosai kafin a ɗoro.