Tkinter, Qt ko Flutter: da wanne mai koyo zai fara gina fuskar manhaja?

Sabon_Ɗalibi:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. Na fara koyon Python, kuma na kai matakin da zan iya rubuta ƙananan shirye-shirye masu karɓar bayani, su yi lissafi, su ajiye sakamako a fayil, sai dai duk abin da na rubuta a baƙin allon umarni yake gudana. Yanzu ina so in gina wa makarantar Islamiyyar unguwarmu manhajar da za ta riƙa ajiye sunayen ɗalibai da kuɗin da aka biya da sakamakon jarrabawa, kuma dole ta kasance mai tagogi da maɓallai da guraben cike bayani, domin malaman da za su yi aiki da ita ba za su zauna suna rubuta umarni ba. Ni Linux ce a kan kwamfutata, ta ofishin makarantar kuwa Windows ce, shugaban makarantar kuma ya ce zai so wata rana ya riƙa duba bayanan a wayarsa ta Android.

Da na shiga bincike sai na tarar da sunaye barkatai: Tkinter, PyQt, PySide, GTK, wxPython, Kivy, Electron da Flutter, kowanne da masu yabonsa da masu kushe shi. Don Allah wanne ya kamata mai koyo irina ya kama, wanda zai rubuta sau ɗaya ya yi aiki a ko'ina?

Malam_Injiniya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Tun da Python ka riga ka sani, biyu daga cikin sunayen da ka lissafa sun fita daga lissafi a yanzu, domin Electron yana bukatar JavaScript da HTML, Flutter kuma yana bukatar harshen Dart, kuma haɗa koyon sabon harshe da koyon gina fuskar manhaja a lokaci guda shi ne abin da yake sa yawancin masu koyo su ajiye aikin a tsakiya. Shawarata ita ce ka fara da Tkinter. Yana zuwa ne tare da Python a Windows, a Ubuntu da Debian kuwa kunshin python3-tk kawai za ka girka. Tushensa shi ne Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a shekarar 1991 lokacin yana Jami'ar California da ke Berkeley, kuma IDLE, editan da yake zuwa da Python, da shi aka gina shi.

Dalilin da ya sa nake fifita shi ba sauƙin girkawa ba ne kaɗai. Shirye-shiryen da ka saba rubutawa suna tafiya ne daga layin farko zuwa na ƙarshe, su gama, su rufe. Manhaja mai tagogi ba haka take ba: tana zana taga, sannan ta shiga wani zagaye na jira wanda a Tkinter ake kira mainloop, inda take sauraron abin da zai faru, ko an latsa maɓalli, ko an rubuta harafi, ko an ja gefen taga, sannan ta kira aikin da ka ɗaura wa wannan abin. Wannan sauyin tunani shi ne ainihin darasin, kuma iri ɗaya ne a Qt da GTK da sauransu. Ranar da ka ɗaura wa maɓalli aiki mai ɗaukar daƙiƙa 20, misali lissafa sakamakon dukkan ajujuwa, za ka ga taga ta sandare, Windows ta rubuta cewa manhajar ba ta amsawa, saboda ka riƙe zagayen bai koma ya saurari komai ba. A Tkinter, inda taga mai maɓalli ɗaya ba ta wuce layi goma ba, za ka gane musabbabin nan take.

Masu cewa fuskarsa ta tsufa suna magana ne a kan tsofaffin maɓallansa. Tun daga Tk 8.5 akwai sashen ttk wanda yake ɗaukar kamannin Windows, kuma a cikinsa akwai Treeview da za ka iya jera sunayen ɗalibai da shi. Bayanan kuwa ka zuba su a SQLite, wani ƙaramin rumbun ajiyar bayanai wanda shi ma yana cikin Python, sannan ka raba aikinka gida biyu tun daga farko: fayil guda na lissafi da ajiyar bayanai wanda bai san da wata taga ba, da wani fayil na fuska wanda yake kiran na farkon. Idan ka yi haka, sauya kayan aiki nan gaba ba zai zama rushe gini ba.

Malama_Mai_Kod:

Ina tare da Malam Injiniya a kan raba lissafi da fuska, amma da izininsa zan saɓa masa a kan Tkinter, saboda irin aikin da ɗan'uwanmu ya bayyana. Manhajar makaranta ba ta tsaya ga cike gurabe ba. Ƙarshen zango za a bukaci a buga takardar sakamakon kowane ɗalibi, za a bukaci jadawalin da ake gyara maki a cikinsa kai tsaye, ana tace shi aji-aji, kuma tun da Islamiyya ce, da wuya a rasa sunayen darussa da Larabci, wataƙila ma har da Ajami. Waɗannan ukun su ne wuraren da Tkinter yake da rauni. Treeview ba ya barin a gyara gurbi kai tsaye sai ka yi masa dabara, buga takarda ba abu ne da aka tanada da kyau ba, rubutun dama zuwa hagu kuma ba ya samun cikakken tallafi, musamman a Linux, inda haruffan Larabci kan fito a rarrabe kuma a juye.

Qt ya warware waɗannan tun da daɗewa. Wasu 'yan Norway biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su suka fara shi, ya fito a 1995, kuma da shi aka gina fuskar VLC da OBS Studio da VirtualBox da Telegram na kwamfuta, wato ba abin gwaji ba ne. Yana da QTableView da za a iya haɗa shi da rumbun SQLite, yana da sashen buga takarda da fitar da PDF, sannan akwai Qt Designer inda za ka ja maɓallai da gurabe da linzami ka jera su kana kallo. Gaskiya ne ya fi Tkinter faɗi, kuma makon farko zai yi maka nauyi, amma abin da za ka koya a nan shi ne abin da za ka ci gaba da aiki da shi shekaru masu zuwa.

Abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne lasisi, domin hanyoyi biyu ne ake shiga Qt daga Python, kuma rubutunsu kusan ɗaya ne har mai koyo ba ya bambancewa. PyQt na kamfanin Riverbank Computing ne na Ingila, yana ƙarƙashin lasisin GPL, ma'ana idan ka raba manhajarka ga wasu to dole ka ba su rubutunta na asali a ƙarƙashin wannan lasisi, in ba haka ba sai ka sayi lasisin kasuwanci. PySide kuwa shi ne na kamfanin Qt da kansa, yana ƙarƙashin LGPL, wanda yake ba ka damar sayar da manhajarka ba tare da buɗe rubutunka ba, muddin ka kiyaye sharuɗɗansa. Idan akwai yiwuwar wata makaranta ta gani ta ce tana so ta saya, PySide6 ya fi maka kwanciyar hankali. Amma kafin komai, je ka duba wace Windows ce a kan kwamfutar ofishin, domin Qt 6, wanda ya fito a Disambar 2020, ba ya aiki a ƙasa da Windows 10.

Abu_Zinder:

Zan tsaya ne a kan maganar "a rubuta sau ɗaya ya yi aiki a ko'ina", domin akwai abin da ba a cika faɗa wa masu koyo ba. Rubutun ne yake zama ɗaya, haɗa shi ya zama fayil ɗin da ake latsawa ya buɗe kuwa sai an yi shi daban a kowace babbar manhaja, wato Windows daban, Linux daban. PyInstaller, wanda mafi yawan masu Python suke amfani da shi, ba ya fitar da fayil na Windows daga Linux, saboda haka dole ka sami Windows, ko ta gaske ko wadda ka girka cikin VirtualBox, manhajar da take ba ka damar gudanar da Windows a cikin Linux ɗinka. Kuma kada ka yi mamaki idan manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta ta zargi fayil ɗin da ka haɗa, hakan yana yawan faruwa ga fayilolin PyInstaller ko da babu komai a cikinsu.

Game da waya, kada burin shugaban makaranta na "wata rana" ya zaɓa maka kayan aikin yau. Allon waya da na kwamfuta ba tsari ɗaya suke so ba, ko da Flutter ka yi amfani da shi sai ka sake tunanin fuskar. Flutter na Google ne, ya fito a 2018 domin wayoyi, sai a 2022 ya zama tabbatacce a Windows da macOS da Linux, kuma idan da waya ce babbar bukatarka da shi zan nuna maka. Kivy yana kai Python zuwa Android, amma maɓallansa ba sa kama da na kwamfutar ofis. Electron kuma yana ɗauke da burauzar Chromium sukutum a cikin kowace manhaja, shi ya sa ko ƙaramar manhaja takan haura megabait 100 bayan an girka ta, ga cin ram, abin da tsohuwar kwamfuta ba za ta ji daɗinsa ba. GTK yana da kyau a Linux, girka shi a Windows ne yake wahalar da mai koyo.

Sabon_Ɗalibi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na je na duba kamar yadda kika ce, ashe Windows 7 ce a kan kwamfutar, ram ɗinta kuma gigabait 4. Shin hakan yana nufin Qt ya fita ke nan?

Malama_Mai_Kod:

Bai fita gaba ɗaya ba, amma matsalar ta wuce Qt, domin Python kanta daga 3.9 ta daina aiki a Windows 7, wato ko Tkinter ka zaɓa sai ka koma Python 3.8, wadda aka daina yi wa gyara a Oktoban 2024. Da ita za ka iya amfani da PySide2, wanda yake kan Qt 5.15, kuma zai yi aiki. Sai dai Microsoft ta janye tallafin Windows 7 tun Janairun 2020, kuma ajiye bayanan yara da na kuɗi a kan irin wannan kwamfuta, wadda kowa yake soka mata filas, hatsari ne da ya kamata ka faɗa wa shugaban makaranta a fili. Tun da kai ma Linux kake amfani da ita, ka nemi izininsa, a kwashe fayilolinsu zuwa wani wuri, ka ɗora mata Linux mara nauyi irin Xubuntu ko Linux Mint mai fuskar Xfce. Gigabait 4 ya ishe su, PySide6 zai yi aiki muddin na'urar mai bit 64 ce, kuma wahalar haɗa fayil na Windows da Abu Zinder ya ambata ta kau. Ka dai fara gwada firintarsu da Linux ɗin daga filas kafin ka goge komai.

Idan ya ƙi, aka tsaya a Windows, to duk inda ka buɗe fayil ɗin rubutu a Python ka sa encoding="utf-8", domin a Windows ba shi ne zaɓin asali ba, kuma sunan farko mai ƙ ko ɗ ko ɓ da ka yi ƙoƙarin ajiyewa zai jawo kuskure ya ƙi ajiyuwa, alhali a Linux ɗinka lafiya lau take. Haka kuma wajen jera sunaye bisa haruffa, Python da SQLite duka lambar harafi a Unicode suke bi, saboda haka Ɗahiru zai faɗa bayan Zainab maimakon ya biyo bayan masu D, sai ka rubuta ɗan ƙaramin aikin da zai ba ɓ da ɗ da ƙ matsayinsu, ka ajiye shi a fayil ɗin lissafi da Malam Injiniya ya ce ka ware.