Kalmar "phyllopode": ta ganye ce ko ta jatan lande?

'Yar Garwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ajin ƙarshe na sakandare a nan Garwa, muna shirin jarrabawar bakaloriya. A darasin kimiyyar halittu mun ci karo da kalmar phyllopode a ƙarƙashin hoton wata 'yar halittar ruwa dangin jatan lande, aka ce sunan ƙafarta ne. Jiya kuma ƙawata ta nuna min tsohon littafin tsirrai na babanta, sai ga phyllopodium, an ja kibiya zuwa gindin ganye. Abin ya tsaya min a rai. Innata tana sayar da busasshen jatan lande, wanda muke kira manjanga, a babbar kasuwa. Na ɗebi kaɗan na jiƙa, na duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, duk sirara ne kamar zare, ban ga mai kama da ganye ba. Daga ina kalmar ta fito, kuma ta wa ce a cikin biyun? Ba na son in haddace abin da ban gane ba.

Malamin Marwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da wannan jiƙa manjanga da kika yi, ya fi min haddar shafi goma.

Kalmar daga harshen Girkanci take, guntaye biyu aka haɗa. Phyllon shi ne ganye, shi ne kuma a cikin chlorophylle da kuka karanta tun ƙananan azuzuwa. Pous ko podos ƙafa ce, podion kuma 'yar ƙafa. Ganye da ƙafa ke nan kawai, kalmar ba ta faɗi wanne ke riƙe da wanne ba, shi ya sa kowane fanni ya ja ta gefensa. Da Hausa kuwa ba ruɗani. Masana tsirrai suna nufin ƙafar ganye. Masana dabbobi suna nufin ƙafa mai siffar ganye. Littattafan biyu duk daidai suke.

A wajen tsirrai za ki tarar wasu littattafai suna kiran dukan ginshiƙin ganye da wannan suna, su raba shi uku: gindin da ya kama jikin reshe, siririn mariƙin, sai faɗin ganyen. Tsinko ganyen mangwaro ki duba, ukun duk suna nan. Wasu kuma gindin kaɗai suke nufi.

Manjangar Inna ba za ta nuna miki ba, domin ita da ƙaguwa 'yan gidan décapodes ne, masu ƙafa goma, ƙafafun tafiyarsu sirara masu gaɓoɓi. Masu ƙafar da kike nema wani gida ne, branchiopodes, sunan da masanin Faransa Pierre André Latreille ya raɗa musu a 1817. Ma'anarsa masu numfashi da ƙafa. Ƙafar tasu shimfiɗaɗɗa ce, mai laushi, mai gashi-gashi a gefe, kuma aiki uku take yi lokaci guda: iyo, shaƙar iskar da ke cikin ruwa, da tace abinci a tura shi baki. Faɗin ne ke ba ta damar shaƙar iska, kamar yadda faɗin ganye ke ba shi damar karɓar hasken rana. Wannan kamannin ne ya fi burge ni, shekara da shekaru ina koyar da shi ban gaji ba.

Mai Tarwada, Lagdo:
Ƙanwata, ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da Malam ya siffanta ina ganinsa da idona. Ina ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwada, kuma abincinsu na kwanakin farko Artemia ne, wata 'yar halittar ruwan gishiri daga gidan da Malam ya ambata. Ƙwansa ake sayo mana a gwangwani, busasshe kamar garin barkono, da yawa daga babban tafkin gishiri na Yuta a Amurka. A zuba a ruwan gishiri, a sa iska, kwana ɗaya ya ƙyanƙyashe. Wata rana na bar ragowa a bokiti har suka girma. A rigingine suke iyo, ƙafafun goma sha ɗaya a kowane gefe suna kaɗawa bi da bi, kamar iska ta ratsa gonar masakwa. Ban taɓa sanin ƙafar tana da suna ba sai yau.

In damina ta faɗi ki leƙa kududdufan da ke cika da ruwan sama, 'yan uwansu na ruwan daɗi suna fitowa. Ƙwansu a busasshiyar laka yake kwana duk rani.

Hajiyar Ngaundere:
Ƙari kan na Malam, 'yata. Tsiron nan mai son inuwa da laima da ake kira fougère, akwai irinsa da idan ganye ya faɗi sai ya bar ɗan dungu manne da jikin uwar. Dungun nan shi ma phyllopodium ake ce masa. Ina jin irin hoton da ƙawarki ta nuna miki ke nan. Idan kina son kwatanci, tuna guntayen da ke saura a jikin dabino bayan an sare ganye.

Ɗan Kusiri:
Tunda ana maganar asalin suna, ƙasar tamu ma jatan lande ne ya ba ta nata. A 1472 Turawan Fotugal suka iso bakin kogin Wuri, suka tarar da shi da yawa, suka ce Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Daga nan Kamaru ta fito.

'Yar Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, na rubuta jimlolinka biyu a gefen littafina, ƙafar ganye da ƙafa mai siffar ganye, gobe zan kai wa ƙawata. Yaya Mai Tarwada, akwai kududdufi a bayan unguwarmu. Ruwan farko in ya sauka, kwana nawa zan jira kafin in je da kwalba?