Wane suna za mu ba "sonde lambda" da Hausa?

Bakanike, Garwa: Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, wannan 'yar na'urar da ke jikin salansar mota, a garejinmu na nan sonde lambda ake cewa da Faransanci, 'yan Najeriya kuma sanso. Yara masu koyo "lamba" suke ji. Me zai hana mu ce ma'aunin iska?

Mai wayarin, Marwa: Wa alaikumus salam. Malam, sunan nan yana da mai shi: wanda ke bayan matatar iska, mai auna iskar da injin ke shaƙa. Sonde lambda kuwa a jikin salansa yake, ragowar iskar oksijin cikin hayaƙi yake shinshinawa, ya gaya wa kwamfutar mota ta ƙara mai ko ta rage. Ni hancin salansa zan ce. Akwai na gaba, kafin katalis, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi a jikin salansa, da na baya.

Bakanike, Garwa: Hanci ai ba ya ba da wuta, maigida.

Mai wayarin, Marwa: Wannan yana bayarwa, in ya yi zafi ya kai wajen digiri 300. Bar injin ya ɗumama, riƙe totur injin na juyi 2,500 a minti, mitar auna wuta a kan volt na DC, jan tsinke a wayar sigina ba tare da ka zare soket ba. Lafiyayye yana kai da komo tsakanin volt 0.1 da 0.9, kamar sau ɗaya a daƙiƙa. Zare tiyon iska bayan totur, awon ya faɗi ƙasa da 0.2, taka totur farat ɗaya, ya haura 0.8. In ya kafe a 0.45, ko dai ya mutu ko waya ta tsinke.

Dattijo, Ngaundere: Ɗana, ka manta hita, wadda ke ɗumama shi daga ciki. Mai waya huɗu, biyu masu launi ɗaya na hita ne: farare a Bosch, baƙaƙe a Denso. Kashe mota, zare soket, auna om tsakaninsu. Mita ta nuna a buɗe, hita ta ƙone, kwamfutar gwaji ta kawo lambar matsala P0135. Amma a fara duba fis. P0133 kuma jinkirin amsawa ne, hancin ya toshe: ƙonewar baƙin mai, ruwan lagireto, gam ɗin silikon, ko gurɓataccen zuwa-zuwa, wato fetur na bakin hanya. Salansa mai ɓuli a gabansa ma yana sa shi ƙarya, a canja sabo a banza.

Mai gwaji, Njamena: Baba, ƙari kaɗan. Na gaba a Toyota da yawa wani iri ne, kwamfutar gwaji tana nuna shi wajen volt 3.3, ba ya tsalle-tsallen nan, kada a yanke masa hukunci da mita. Na baya kuwa natsuwa ake so gare shi. In yana kwaikwayon na gaba, katalis ne ya gaji, P0420.

Bakanike, Garwa: Na karɓa. Hancin gaba, hancin baya. A shagon kayan gyara dai sai an ce sonde lambda, in ba haka ba mai shago ya tsaya yana kallonka. A tafi da tsohon a hannu, sifana mai lamba 22 ke kwance shi.