Wai me za mu kira antisense da gene silencing da Hausa?

Jama'a ku kawo ɗauki. Jiya ina yi wa ƙanwata bayanin darasin nan tana shirin jarabawa, sai ta ce yaya ai sense hankali ne, kenan antisense rashin hankali 😂 na yi dariya amma ni ma da ta ce to faɗi naka sai na yi tsuru.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar gado, wato gene, tana zaune cikin DNA ba ta fita, ɗan aike take turawa wato mRNA, shi ke kai saƙo inda ake ƙera furotin. To sai masana su haɗa guntun zare da haruffansa suka dace da na saƙon tsaf, ya tare ɗan aiken a hanya ya manne masa, saƙo bai isa ba balle a yi furotin. Wannan zaren shi ne antisense, hana ƙwayar gado aiki da ya yi kuma shi ne gene silencing. Zamecnik da Stephenson suka gwada haka tun 1978 kan wani bairos na kaji, da zare mai haruffa 13 kacal, kuma da dabarar aka yi tumatirin Flavr Savr da ya shiga kasuwar Amurka a 1994, wanda ba ya saurin ruɓewa.

Kan gene silencing, wani ya ce mu ce kashe ƙwayar gado. Ban yarda ba gaskiya, ba a taɓa DNA ɗin, tana nan daram, in an yi wa mutum allurar zaren a matsayin magani, da ya ƙare a jiki ta koma aikinta, shi ya sa ake maimaita allurar.

Toshiyar baki fa? Haba malam, kowa zai ɗauka cin hanci aka ba ta.

Wata baiwar Allah daga Damagaram ce ta kawo takunkumi, kuma ni dai ya kwanta min. Raƙumin da aka sa wa takunkumi ƙalau yake, bakin kawai aka ɗaure, ana cirewa ya koma cizo. Takunkumin ƙwayar gado kenan, wannan mun gama.

Saura antisense ɗin kansa. Kishiyar saƙo ta fi samun ƙuri'a, amma ina kuka taɓa ganin kishiya ta rungume 'yar'uwarta ta ƙi saki? Ni murfin saƙo nake so, don murfi tukunyarsa kaɗai yake hawa, haka zaren nan ba ya kama kowane saƙo sai nasa. Ƙanwata dai har ta rubuta kishiya a littafinta, wai ita ta fi saurin zama a ka.