Faifan jan ƙarfe biyu sun hana ni barci

Ɗan Pitowa: Salamu alaikum. Aikin digiri na biyu nake yi, ina auna ƙananan caji tsakanin faifai biyu na jan ƙarfe. Daga falle ɗaya na yanko su, amma in na girgiza ɗaya kusa da ɗan'uwansa, irin dabarar awo ta Kelbin, sai in ga mita ta nuna milibolt 40 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt), washegari 60, alhali ban jona komai ba. Malamina ya ce ƙarfin da ke ɓamɓaro ilektiron, wato ƙwayar lantarki, daga fuskar ƙarfe ba ɗaya ba ne ko'ina, dabbare-dabbare yake. Jaka 35 ce a hannuna. Don dabbaren ya daidaita, in kai maƙeri ya shafa zinariya, ko in shafa garafayit, baƙin nan na cikin fensir?

Mai Sola Marwa: Mitarka ce ta gaji. Sayi sabuwa.

Yaya Injiniya: Ƙanena, ji nawa. Ni ma zinariya na bi. Na tura kuɗi Duwala, jaka 90, na jira wata huɗu. Da faifan nawa suka iso lafiya lau, sati biyu ma'auni ko motsi. Sai aka tashi sharar ɗakin gwaji, wani bawan Allah ya goge min su da tsumman da yake goge tebur, wai sun yi ƙura. Maiƙo ya zauna, komai ya rushe, shekara guda ta tafi. Har yau in na ga tsumma raina ɓaci yake.

Hajiyar Kusiri: Jaka 90? A Injamena 20 aka yi min.

Yaya Injiniya: Hajiya, wannan ruwan ɗan kunne ne.

Malam Fizis: Jan ƙarfe kansa, a ma'aunin wannan ƙarfin ɓamɓarowa, wata fuskar ƙwayarsa kusan ilektiron-bolt 4.9 ce, wata kusan 4.5, balle tsatsa ta hau. Tauraron ɗan adam Gravity Probe B da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta harba a 2004, wannan dabbaren ne ya dagula mata ƙwallayen awo da ke juyawa a cikinsa, sai 2011 aka fitar da sakamakon ƙarshe. Shafa garafayit, ka rufe akwatin da faifan ke ciki saboda ƙurar hunturu.

Yaya Injiniya: Malam, ka taɓa shafawa da hannunka, ko karantawa ka yi?

Bappa Garwa: Amurka ta sha wuya shekara bakwai, kai da jaka 35 😂

Hajiyar Kusiri: Duk wannan sai da wuta ai. Jiya ina tsakiyar ma'auni aka ɗauke, da aka tada janareta allura ta haukace.

Mai Sola Marwa: To ai shi ya sa nake cewa ku sa sola.

Ɗan Pitowa: Garafayit ɗin fa, ina ake samu a Garwa?

Bappa Garwa: Mu a unguwarmu kwana uku kenan babu wuta.