Neman shawara: wane digiri zai kai ni horar da malaman Hausa da Turanci?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina da NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, a Hausa da Turanci, ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a Jihar Katsina. Burina in koma kwalejin ilimi in riƙa horar da malaman da za su koyar da harsuna biyu, amma na rasa hanyar da zan bi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne aji huɗu. Yaron da ke karanta labarin Hausa tiryan-tiryan, da zarar darasin kimiyya ya koma Turanci sai ya yi tsit, ya kwafe allo tsaf ba tare da ya fahimci komai ba. A kwaleji an koya mana kowane harshe daban, ba a nuna mana yadda ake ɗora yaro daga wannan zuwa wancan ba. Wannan giɓin nake son in ƙware a kansa.

To, in nemi digirin ilimi a Hausa a Jami'ar Bayero ko ABU Zariya, ko kuwa na ilimin firamare ya fi dacewa? Wani abokin aiki ya ce in bi Turanci kawai, tunda manufar koyarwa da harshen uwa da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2022 ba ta zauna da gindinta ba. Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin ina da iyali, ba zan iya ajiye aiki ba.

Don Allah, wanda ke koyarwa a kwalejin ilimi ya faɗa mini: wane digiri ake fi dubawa wajen ɗaukar malami, kuma ana karɓar digirin da aka yi a lokacin hutun makaranta?